Muryar da na Sauko da Ita Kano

Na dawo daga yaƙin Bama da abu biyu, ciwon gwiwa da sanin wayar iska. Na biyun ne ya samo mini aiki a ofishin kan iyaka na Jibiya, ina karɓar saƙo ina rubutawa. Baturen da ke kanmu ya kafa mini doka guda: kada in danna maɓallin magana sai a kan layinmu.

Aikin ba ya cika yini. Da motocin gyaɗa na Maraɗi sun wuce, sai in murɗa akwatin rediyon zuwa layin filin jirgin saman Kano, in kasa kunne. Maganarsu ta ba ni dariya da farko. Ba sallama, ba tambayar iyali. Mai hasumiya, wato mai ba jirage umarnin sauka, ya faɗi tsawon da jirgi zai sauko da inda zai fuskanta, matuƙi ya maimaita kalma bayan kalma. Wanda bai maimaita ba, a wurinsu bai ji ba. Shekara biyu ina rubuta wannan magana har na cika littafi. Na nemi aikin mataimaki a hasumiyar, aka sa sunana cikin masu jarrabawa bayan damina. Ban taɓa son wani abu kamar yadda na so kujerar nan ba.

Wata rana bayan azahar, cikin tsakiyar damina, hadari ya rufe ko'ina. Na ji wani ƙaramin jirgi daga Nijar yana neman sauka Kano, matuƙinsa Bafaranshe. Mai hasumiya ya ba shi tsawo da ma'aunin ƙafa, ya ce ya riƙe shi har ya wuce alamar rediyon filin. Bafaranshen bai maimaita ba. Ya yi ta magana da Faransanci, wai ba ya ganin komai, agogon jirginsa da mita yake auna tsawo, ba da ƙafa ba, man jirgin kuma ya yi ƙasa. Mai hasumiya bai san Faransanci ba, sai ya sake faɗin maganarsa da ƙarfi, har sau uku, kamar ƙarfin murya zai mai da ƙafa mita.

Ni kuwa dangin uwata mutanen Maraɗi ne, a can na tsinci Faransancina. Kofur ɗin da ke gadin ƙofa, wani dattijo ɗan Magama, ya ga hannuna na matsawa wajen maɓallin.

"Malam, mi za ka yi? Abin ga an hana ka taɓa shi."

Na danna. Na juya ƙafa zuwa mita a bayan littafina, na faɗa wa matuƙin da harshensa, ya maimaita. Na mai da wa mai hasumiya da Turanci irin nasu, ba ƙari ba ragi. Haka muka yi ta saukowa da shi mataki mataki, gumi na ɗiga a kan takarda, har na ji matuƙin ya ce ya ga ƙasa.

Sai mai hasumiya ya tambayi wanda ya shigo layin. Ni da wautata, na faɗi inda nake da ƙirji a buɗe.

Ba a yi kwana goma ba takarda ta iso. Baturenmu ya karanta mini ita a tsaye: na shiga layin jirage ba izini, an cire sunana daga jarrabawa. Na ce, "Ranka ya daɗe, ai jirgin ya sauka lafiya." Ya ce takardar ba ta ambaci jirgi ba. Aka ɗauke ni daga akwatin aka kai ni teburin buga hatimi. Raina ya ɓaci a ranar, kuma har yau da furfura bai gyaru ba.

Da kaka wata jif ta tsaya a shingenmu. Wani Bafaranshe ya shigo, ya jefo fasfo a gabana, ya juya yana gaya wa abokin tafiyarsa cewa akawunan nan ba su san darajar lokaci ba. Tun kalmar farko na gane muryar. Ita ce ta bi bayan tawa kalma bayan kalma cikin gajimare.

Na duba hoton, na duba fuskarsa, na buga hatimin. Ya karɓa ya fita bai dube ni ba.