Ashe Inna ba ta taɓa bin Baba a zaɓe ba

Jama'a, yau Inna ta kashe ni da mamaki!

Kun san har yanzu ban tsai da wanda zan zaɓa shugaban ƙasa ba. Da can ina ruwanmu da wannan ciwon kai? Marigayi Baba ne zai tara mu a zaure da safe, ya ce, "Ga inda gidan nan zai dangwala." Mu jera bayansa zuwa firamare, ya saya mana ƙosai a hanya.

To yau na hau babur daga Jega zuwa Katanga. Na iske Inna tana gyaran albasa. Na ce, "Inna, da Baba yana raye, wa zai ce mu zaɓa?"

Ta kwashe da dariya! Ta ce, "Oho! Ni tunda nake ban taɓa dangwala inda ya ce ba."

Na ce, "Inna! Ya sani?"

"Sarai. In mun dawo sai ya ce, 'Hajiya, yau ma kin kayar da ni ko?' In ce masa tuwo yana hucewa."

Na ce, "To bana wa za ki zaɓa?"

Ta goge ido da bakin mayafi. "Tun da ya rasu ban sake zuwa ba, Bello. Wa zan saɓa wa?"