Galan ɗin Surukina da Giyar Tsohuwar Motata

Mun tashi daga unguwar Limawa a Dutse ana idar da sallar asuba, ni da mai ɗakina, za mu Taura duba mahaifinta da aka sallamo daga asibiti. Motar tawa otomatik ce, ta girmi ɗiyarmu ta fari, kuma ita ke kai ni aiki, ta kai yara makaranta. In giyarta ta mutu, ba ni da halin sayen wata.

Hanyar Kiyawa lafiya lau. An yanke gero, riɗi na tsaye a gonaki an jingina shi yana shan iska. Sai da muka wuce Jahun na ji motar ta fara jinkiri: in na taka totur inji ya yi kuka, giya ba za ta shiga ba sai ta ga dama. Na tsaya a wuri mai daidai, na bar inji a kunne, na zaro gejin man giya. Man bai yi baƙi ba, ba ya warin ƙuna, amma ya sauka ƙasa da layi. A jikin gejin an buga lambar irin man da take sha.

A Gujungu muka karya da ƙosai da soyayyen kifi. Kifin ya yi tsada, sai ka ce daga Makka aka zo da shi. Wani mai shago ya miƙo mini jan mai a gorar ruwa, ba suna ba lamba, ya ce ai duk ja ne. Na yi masa godiya, muka lallaɓa zuwa Taura a hankali.

Mun tarar da Baba, surukina, a zaune a zaure, jiki da sauƙi. Bayan gaisuwa mai ɗakina ta ba shi labarin motar. Nan take ya sa aka ɗauko wani galan na man giya sabo fil, na motarsa ta zamani da ya sayar kafin ciwo ya kwantar da shi.

"Malam, ga shi na ba ka. Mai tsada ne. Buɗe bonet a zuba ina gani."

Na karɓa da hannu biyu, na duba rubutun jikin galan ɗin. Man giyar motocin yanzu ne masu aiki da bel. In ya shiga tawa, sai dai wani labarin. Amma ta ina zan fara ce wa suruki kyautarsa ba ta yi ba? Na durƙusa ina ta godiya, ina jujjuya galan.

Abincin rana ne ya cece ni. Mu aka kawo mana shinkafa da miyar kifi, mai na yawo a sama. Baba kuwa aka ajiye masa ɗan kwanonsa daban, ba gishiri ba mai, yadda likita ya ce. Ya buɗe yana mita.

Mai ɗakina ta ce, "Baba, tamu miyar ta fi tsada, ko in ɗebo maka?"

"Ke, so kike ki mayar da ni asibiti?"

Ta yi ƙasa da kai ta ce, "To ai motar tasa ma tsohuwa ce, Baba."

Ya kalli galan. Can ya sa tabarau, ya ce in kawo masa gejin, ya karanta lambar, ya karanta ta galan. "Ashe ita ma da nata kwanon," in ji shi.

Da la'asar shi da kansa ya shiga gaban mota, ya kai ni shagon kayan mota a bakin tasha, ya tsaya sai da lambar robar man da za mu saya ta yi daidai da ta geji. Muka zuba kaɗan-kaɗan muna aunawa, don kada ya wuce layi.

Mun iso Dutse kafin magariba, giya na shiga sumul. Abin da na koyo: man giya ba a zaɓensa da launi ko tsada, lambar da ke jikin geji ko littafin mota ake bi, in kuma yana raguwa a je bakanike ya nemo inda yake yoyo. Galan ɗin Baba yana nan a but, ban buɗe ba, ba kuma zan sayar ba. Da muka kira mu ce mun sauka, bai tambayi lafiyar 'yarsa ba, motar ya tambaya. Cewa ya yi, "Yaya jikin 'yar'uwata?"