Tulun Irin Dawa

Tun da aka kawo ni gidan nan, duk ranar da aka ga watan cika-ciki sai na share ɗaki har ƙarƙashin gado, in wanke tukwane, sannan in fasa yumɓun da na liƙe bakin tulun iri da shi. In duba ko ƙwaro ya shiga, in sake toka, in dafa tulun da hannu in ƙulla niyyar shekara: gona kaza za ta samu kaza, ba zan bari a yi ɓarnar hatsi ba, ba zan kwana da kowa a zuciya ba. Haka na tarar da uwar mijina tana yi. Dawar ma tata ce, ja, mai jure ruwan fadama, ba a samun irinta a kasuwar Mafara.

Shekarar da nake faɗi, damina biyu ke nan ba mu yi shuka ba. Masu aikin dam na Bakolori sun shigo da manyan motoci sun baje gonakinmu na wajen Bakura, suka ce kada wanda ya sa fartanya sai an gama hanyoyin ruwa. Na taka da ƙafata na je. Tsamiyar da ke kan iyakarmu babu ita, gambar da ta raba mu da maƙwabci babu ita. Fili ne fetal kamar faifai. Na daɗe a tsaye ina neman inda nake ajiye goran ruwa, ban gane ba.

Duk da haka da wata ya tsaya na buɗe tulu na yi niyya. Na ce ko me za a yi, ba mai taɓa irin nan sai ranar shuka.

Kwanaki kaɗan ranar cika-ciki ta zo. Ranar kowa ya sani dole a ci a ƙoshi, don shekara ta shigo ta tarar da gida a cike. Wutsiyar ragon layya tana nan na shanya ta, ta miya ce. Amma rumbu ko ɓera ya daina shigarsa. Matar ɗana, mai goyo, ta zo ta durƙusa bakin ƙofa.

"Inna, mi za a ɗora?"

"Abin da aka ɗora jiya."

"Jiya garin rogo ne, Inna. Ya ƙare."

Na ga idonta ya kai kan tulun ya dawo. Na ce ta tashi ta ba ni wuri.

Da la'asar maigida ya shigo, ya zauna bakin gado yana kallona ina gyara toka.

"Ke da tulun ga, in baƙo ya shigo sai ya ce shi ne mijin."

"Shi dai bai taɓa yi min alkawari ya saɓa ba."

Ya yi dariya kaɗan, sannan ya ce, "Ki buɗe a daka."

"Malam, iri ne fa."

"Na sani. A ina za ki shuka shi? Nuna min gonar in ɗauko sungumi yanzu."

"Sun ce baɗi."

"Bara ma baɗi suka ce. Iri kuma tsufa yake kamar ni da ke. In ya ƙara damina a tulu, ko kin shuka ba ya fita."

Na san gaskiya ya faɗa, don ranar da na buɗe na tauna ƙwaya na ji ta fara laushi. Na so in ce masa na riga na yi niyya, to niyya, wajen wa zan kai ƙara? A tsakar gida jinjirin yana kuka, uwar tana jijjiga shi, nono babu ruwa.

Ni na ɗauko tulun da kaina. Ban yarda kowa ya juye ba. Na ɗebi cikin tafi ɗaya na ƙulle a bakin zane, sauran na bushe tokar na zuba a turmi. Matar ɗana ta kama taɓarya tana satar kallona, na ce, "Daka mana, ko gawa kika gani?"

Tuwon ya yi kyau, ja wur, da miyar kuka da wutsiyar rago. Bayan magariba kowa ya ci har ya bari. Maƙwabta ma na aika musu. Ni na sa loma biyu na wanke hannu.

Da aka zo rabon gonaki, sai aka nuna mana wani wuri can daban, aka kuma faɗa mana abin da za mu shuka da lokacin da za a sako ruwa. Na kwance bakin zane na binne dawata a gefen hanyar ruwa, inda ba mai kula. Kullum da safe ina zuwa ina dubawa, har na tona da yatsa. Ta ruɓe a ƙasa.

Na tambaya a Dakko, na aika Maradun wajen dangin uwar mijina, aka ce su garinsu ma ruwan dam ya ci, wa ya tsaya ɗaukar iri.

Tulun yana nan bayan gado. In watan cika-ciki ya tsaya ina wanke shi in kife ya bushe. Matar ɗana ta taɓa cewa in ba ta ta riƙa zuba ruwan sanyi, na ce ta bar shi inda ta gan shi.