Yadda Kawu Yake Zaɓen Ma'aikata

Jiya aka kafe sunayen waɗanda za su buga wa jiha wasan kurket na kwana uku, da sunan ɗana Sadiku a ciki. Kafin nan, sati biyu ya yi ba ya cin abincin kirki. Kullum sai ya ce, "Umma, akwai waɗanda suka fi ni jifa, akwai waɗanda suka fi ni dukan ƙwallo. Ni ɗan tsakiya wa zai ɗauke ni?"

Duk lokacin nan kawuna nake tunawa, marini a Ƙofar Mata. Wata rana ina budurwa na kai masa kunu karofi, warin shuni da toka har cikin maƙogwaro. An kawo masa yadi mai yawa, yana zaɓen masu taya shi. Ya tsallake gwanin rinin wurin, ya kira wani mai tsaka-tsakin hannu.

Na ce, "Kawu, ai wancan ya fi shi."

Ya kurɓi kunu, shuɗɗan yatsunsa suka ɓata ƙoƙon. Ya ce, "Ya fi shi yau. Jibi bayan wani zai ƙage. Ina son wanda zai bar rini ya ɗauki mabugi ba sai na roƙe shi ba."

Ban gaya wa Sadiku ba, don ban san ko haka ake yi a kurket ba. Ashe mai horar da su ma haka ya duba: wanda zai iya jifa, ya kuma iya dukan ƙwallo.

Allah ya jiƙanka, Kawu, ya yalwata kabarinka, ya sa ka huta.