Bijiman Baba da Motar Jidda

Baba bai taɓa gane tsadar abu da naira ba. Ka ce masa babur ya kai kaza, sai ya karkace hula ya ce, "Buhu nawa ke nan?" Sai ka juya masa kuɗin zuwa masara sannan ya san ko salati zai yi ko dariya. Haka dattawan ƙauyenmu Mabai suke, dukiyarsu tana rumbu ko tana turke, ba a mai da ita takarda sai ranar da za a kashe.

Ƙanena ne ya rikita wannan tsari, daga Jidda inda yake aikin tuƙi. Wata Juma'a na zo gida daga Faskari, inda nake koyarwa, ya kira ni ta waya mai hoto bayan la'asar. Yana tsakiyar kasuwar tsofaffin motoci. Na miƙa wa Baba wayar, maƙwabta suka yanyame mu. Ni da nake taƙamar na je birni, ban taɓa ganin irin wannan ba. Motoci ne jere har inda ido ya ƙare, suna walƙiya, kuma wai su ne waɗanda masu su suka gaji da su. Ya tsaya gaban wata fara, ya buɗe ƙofa, ya nuna mana kujeru ko yagewa babu.

"Buhu nawa?" in ji Baba.

"Baba, nan ba a awo da masara. Amma mai wankin mota in ya ɗaure ciki 'yan watanni, yana iya sayenta."

"Mi ka ce? Mai wanki?"

Wani tsoho da ya shekara arba'in yana noma bai mallaki ko amalanke ba ya ce, "Allah mai iko." Ni ma abin da ke raina ke nan. Gumi ɗaya ne, rana ɗaya ce ke dukan kowa, amma kuɗin wata ƙasa na jan mota, na wata ko taya ba ya ɗagawa.

Baba ba mai son a gani ba ne. Inna ce ke da ciwon gwiwa, duk wata sai an kai ta asibiti Ƙanƙara a bayan babur, ta dawo ta kwana biyu ba ta taka ƙasa. Bai ce da kowa komai ba. Kaka na yi, ya kora bijiman huɗarsa guda biyu zuwa kara, ya sayar, ya zuba kuɗin a akwatin ƙarfe ya kulle. Da na yi magana ya ce, "Kai da karatunka ka sai mata ko keke?"

Sai muka je Sabuwa wurin wani Alhaji dillalin motoci, ya faɗa mana yadda ake kawo ta. Ya zaunar da mu, ya sa aka kawo fura, ya fara zayyano hanya. Jirgin ruwa da dala ake biyansa. In ta sauka Ikko, kwastam ma da farashin dala suke yanka nasu. Ga mai fito da ita daga tasha, ga direban da zai taho da ita, ga lamba. Ya ce mota iri ɗaya, shekara ɗaya, kuɗinta daban a Kwatano, daban a Maraɗi, daban a nan, don kowace ƙasa da irin harajinta.

Baba ya ajiye ludayi. "Wato hanya ta fi motar tsada, Alhaji?"

"Tana kaiwa, Baba."

Bai yi fushi ba, mamaki ne ya cika shi. Duk hanyar komawa yana girgiza kai, wai ƙarfe na tafiya bisa ruwa yana ƙara daraja alhali yana ƙara tsufa. Ya yanke shawarar a jira, in ya sayar da waken suya ya cika.

Jiran ne ya kashe mu. Duk kiran da ƙanena zai yi, sai ya ce riyal ta ƙara hawa. Farar motar na nan, farashinta a can bai motsa ba, amma kullum tana ƙara yi mana nisa. Wata safiya na tarar da Baba ya baje kuɗin a tabarma, ya ƙirga, ya sake ƙirgawa. Ko takarda ɗaya ba ta ɓace ba.

"Ka ga wani ikon Allah," ya ce. "Ƙwaro in ya ci hatsi, kana ganin gari. Ɓera yana barin kashi. Wanga abu ya cinye rabin dukiyata, makulli na aljihuna, ko alama bai bari ba."

Ban taɓa jin tausayinsa kamar ranar ba, kuma ni ma ban gama fahimtar abin ba har yau.

Da hadari ya fara haɗuwa dole aka haƙura, gona ba ta jira. Ya koma kara da kuɗin bijimai biyu da na waken suya, ya dawo yana jan guda ɗaya. Garma kuwa sai da biyu. Shekarar nan haɗa gwiwa ya yi da wani maƙwabci mai sa ɗaya, yau gonar wannan, gobe ta wancan.

Ranar asibiti ta zagayo, mai babur ya tsaya a ƙofar gida. Baba ya durƙusa da kansa, ya tallabi ƙafar Inna ya ɗora mata a kan matakin, ya kasa ɗago kai ya dube ta. Ta gyara mayafi ta ce, "Malam, tashi haka nan. Ni mota ma amai take sa ni."