Keken da ba ya juyawa dama

Kwanakin baya jikata ta nuna mini wasu 'yan mata a talabijin suna tseren keke a wani zagayayyen fili, wai sana'arsu ke nan, da ita suke ci. Na zuba ido na ga duk hagu suke juyawa. Dariya ta kama ni har da hawaye, don na tuna da nawa keken.

Ina 'yar shekara goma sha huɗu lokacin, Baba yana kula da wata gonar dabino a Aƙiƙ, can gefen Madina, a cikinta kuma muke zaune. Da mai gonar ya ba shi ƙaramar motar ɗaukar kaya, sai ya jingine tsohon kekensa a bayan ɗaki. Ni kuwa na ɗauka. A titin Madina mace ba ta hawa keke, amma gonar akwai katanga, a tsakiyarta kuma ga birka, wato babban tankin ruwan ban-dabino, da 'yar hanya kewaye da ita. A nan na koya, na kurje gwiwoyina tas.

Ranar farko na sa birka a damana, Kaka ta daka mini tsawa daga kan tabarmarta: "Ke! A ƙasar nan kika taɓa ganin ana kewaya abu ta dama? Yadda ake ɗawafi za ki yi." Wa ya isa ya yi musu da Kaka? Na koma hagu, kuma a hagu na zauna. Gudu kam na iya, har abayata na tashi sama.

Wata Juma'a Baffa ya zo daga unguwar Jurf da ɗansa, sa'ana. Ya ga keken ya ce wa Baba, "Yaya, ba wa yaron nan mana. Mace me za ta yi da shi?" Wallahi ji na yi kamar an ce a ba shi ƙafata. Na fashe da kuka, na ce ai ko tuƙi bai fi ni ba.

Baba ya yi murmushi ya ce, "Halas, magana ta ƙare. A yi tsere, wanda ya ci nasa ne."

Bayan la'asar aka aro wa ɗan Baffa keken maƙwabta, Baba ya kwashe mu a mota zuwa can bayan kwari, inda ake shimfiɗa sabuwar kwalta, ba kowa sai duwatsu. Ya nuna wata bishiya daga nesa ya ce nan ne ƙarshe. Ya koma can da Baffa suka tsaya, ya ɗaga hannu, muka tashi.

Kai, miƙaƙƙiyar hanya daɗi! Ban taɓa sanin keke yana da irin wannan gudun a cikinsa ba. Na ƙulle abaya a ƙugu, na kwanta kan kan keken, na bar ɗan Baffa a baya yana haki. Ina ihu ni kaɗai don murna.

Sai hanya ta karya dama.

Na ce wa hannuna juya, ya ƙi. Ban taɓa yi ba, jikina bai san hanyar ba. Na wuce kwanar fuu, na faɗa fili mai tsakuwa, ina jin ɗan Baffa yana matsowa yana "Yalla, yalla!" Raina ya ɓaci, na ce yau ko ni ko keken nan. Na kwantar da shi hagu yadda na saba, na kewaya fili kamar birkarmu ce a wurin, har hancina ya dawo yana kallon bishiyar. Na hau kwalta daidai lokacin da ya sha kwana, muka jera. Daga nan kuma ƙafa ce, ƙafa kuwa ina da ita.

Na iske Baba ya durƙusa yana riƙe da ciki don dariya. Baffa ma sai tafa hannu yake, da ƙyar ya ce, "Yaya, bar mata abinta. Wannan ko za ta je Makka sai ta biyo ta Tabuka can arewa, kuma ta riga mu."

Na rungume keken a bayan mota har gida, ban yarda kowa ya taɓa shi ba. Kaka tana nan kan tabarmarta. Baba ya ba ta labari yana share ido, ita ko ba ta yi dariya ba.

Ta ce, "Ta wane hannu ta juya?"

Ya ce, "Hagu, Inna."

Ta gyara mayafinta ta ce, "To ai shi ya sa."