Ƙyallayen Inna da Gyaran Malamar Aliero

Akwai abin da aka yi mini a harkar ɗinki wanda har in koma ga Mahaliccina ba zai fita daga raina ba. Shekaru sun tafi, idona ma ya daina ganin kafar allura sai an zura mini zare, amma da zarar na tuna da shi sai in ji wuyana ya ɗauki zafi.

Lokacin ba a cire Kebbi ba, muna cikin Jihar Sakkwato. Ina aure a Jega da 'ya'ya biyu, maigidana yana fataucin hatsi. Mu wajen goma sha biyu ne mata, daga Jega da Aliero da Maiyama, son ɗinki da saƙar kwarashi ya haɗa mu. Ba don sayarwa muke yi ba, sha'awa ce kawai. Duk bayan wata biyu muna haɗuwa a gidan ɗaya daga cikinmu, kowa da ƙullin ƙyallayenta, ragowar atamfa da shadda da leshi da ta tara ko ta roƙo a wajen tela. Sai a baje tabarma a yi ta musanye, ki ba ni ja in ba ki kore, ki ba ni ulu in ba ki zare. In an ci abinci kuma sai a jefa ƙuri'a. Wadda ƙuri'arki ta faɗa kanta, ita za ki ba aikin da kika fara ta sa masa hannunta, ke ma ki tafi da nata ki sa naki.

Babbarmu wata dattijuwa ce a Maiyama, kowa Gwaggo yake ce mata. Ita ta koya mini ɗinkin haɗe-haɗe, wanda ba a auna ƙyalle, ba a daidaita shi. Yadda ya zo haka za ki ɗora shi, mai kusurwa uku kusa da dogo, dogo kusa da mai gaɓa, ki bi mahaɗarsu da zare mai launi. Mai kallo daga nesa zai ce shirme ne, sai ya matso ya ga kowane ƙyalle an yi tunani kafin a ajiye shi.

A shekarar da abin ya faru Allah ya yi wa mahaifiyata rasuwa a Jandutsi. Da aka zo rabon kayanta, yayyena suka ɗauki zannuwa masu sauran ƙarfi, ni kuwa na tattara waɗanda suka sha wanki har suka koɗe. Akwai baƙin saƙin da take ɗaurawa ranar sallah, da wata atamfa mai zanen ganye da take zuwa rijiya da ita, da zanen goyon da ta goya mu duka shida, har da ƙunar da garwashi ya yi masa a gefe. Wata bakwai na yi ina yanka ina haɗawa da hannu, ina cike gibi da wasu sababbin ƙyallayena, har na fitar da shimfiɗar gado. Wajen ƙunar nan ban yanke shi ba, na zagaye shi da jan zare na sa shi a tsakiya. Baki kawai ya rage, kuma ni ban iya kwarashi sosai ba.

Da muka haɗu a Jega, ƙuri'ata ta faɗa kan wata 'yar Aliero da muke kira Malama, don tana koyar da ɗinki a makarantar matan aure, kuma ita kaɗai ce mai keken ɗinki a cikinmu. A gaskiya hannunta a kwarashi babu na biyunsa. Na yi murna. Na miƙa mata shimfiɗata na ce, "Malama, baki kaɗai za ki saƙa mani, fari, kada ya yi faɗi." Ta ɗaga ta ta juya ta, ta ɗan taɓe baki, ta ce, "To, za a san yadda anka yi." Ita kuma ta ba ni wani babban rufin tebur da ta saƙa da farin zare, duk furanni, aikin wata huɗu, a kan in ɗinka masa shafi ta ƙasa. Ban gaya mata zannuwan wa ke cikin shimfiɗata ba. A lokacin ko sunan Inna na ambata sai hawaye ya zo mini, kuma ban ga dalilin yin kuka a gaban mutane ba.

Bayan sati biyar maigidana zai je Aliero wajen masu albasa, na roƙe shi ya tafi da ni in ga inda aiki ya kai. Kaka ce ta albasa, tun daga bakin gari warinta ya tarbe mu, buhuna jibge hagu da dama. Ya sauke ni a ƙofar gidan Malama ya wuce.

Ina yin sallama na shiga, sai idona ya sauka kan wata akuya da aka ɗaure a gindin turke. An naɗa mata tsumma a ƙafa don kada igiya ta ci ta. Na tsaya na ƙura wa tsumman ido. Zanen ganye ne. Na ce a raina atamfa ai ba mutum ɗaya ake bugawa ba, na wuce. Ban yi taku biyar ba na ga wata mata a bakin murhu tana sauke tukunya, ta riƙe kunnuwanta da baƙin saƙi. A jikinsa ga ragowar zaren da na bi mahaɗa da shi, ɗinkin hannuna, ina gane shi ko a cikin dubu.

Malama ta fito da fara'arta. "Maraba da mutanen Jega! Kin ko zo a daidai, jiya na ƙare. Shigo ki ga abin mamaki."

Ta shimfiɗa a kan gadonta. Abin da na gani shimfiɗa ce mai gida-gida, kowane gida daidai da ɗan'uwansa, layi a miƙe, ɗinkin keke, ga farin baki an saƙa mai kyau. Na ga wasu ƙyallayena sababbi-sababbi a ciki, an datse su sun zama murabba'i. Na Inna ko ɗaya babu.

Na ce, "Malama, ina shimfiɗata?"

Ta yi dariya. "Ga ta gabanki. Wanga haɗin gambiza da kinka kawo, in na sa mai baki sunana za ya ɓaci. Na farke shi dut, na fidda tsummokaran, na cika maki da sabuwar atamfa tawa ta kaina. Har da wani mai ƙuna kinka sa a tsakiya, ke ko kunya ba ki ji ba?"

Na ce, "Wa ya ce ki farke? Mi munka yi da ke? Ba baki na ce ki saƙa ba?"

"Yo gyara na yi maki, ba ɓarna ba."

"Zannuwan uwata na! Uwata da ta rasu bana! Zanen da ta goya ni da shi na kinka kira tsumma!"

Na ɗauka jin haka zai sa jikinta ya yi sanyi. Da a nan ta ce mini ki yi haƙuri, wallahi da na yi kukana na tafi gida, da maganar ta mutu. Sai ta gyara ɗaurin ɗankwalinta ta ce, "Allah shi jiƙanta. Amma ni duba nake yi da zan sani? Kuma ko na wa na, tsumma tsumma na. Wata ta samu a yi mata aikin ga kyauta, godiya za ta yi."

Na fita tsakar gida kamar wadda ta zare. Na durƙusa na kwance ƙafar akuya. Na karɓe na hannun mai girki, duk ya yi baƙi da toka da mai. Na shiga tambayar mutanen gidan ina saura. Aka ce wasu an ɗaure bakin buhunan albasa da su, mota ta tafi da su kudu tun shekaranjiya, wasu an hura wuta da su. Mai ƙunar nan na tsakiya ba wanda ya san inda ya shiga. Ƙyalle biyar na samu, daga aikin wata bakwai. Na ƙulle su a bakin gyalena. Malama ta biyo ni da shimfiɗar a naɗe, na ce mata, "Riƙe abinki, wagga ba tawa ba ce."

Sati uku ya rage a haɗu a Maiyama, kuma a sati ukun nan ban yi wani aiki ba sai dafa fushi. Maigidana ya ce in bar wa Allah. Na ce to, amma a baki ne kawai. Kullum sai na ɗauko rufin teburinta na shimfiɗa a cinyata ina kallo. Duk mai saƙa ta san sirrin kwarashi, zare ɗaya ne tun daga farko har ƙarshe. Na nemo inda ta ƙulle na ƙarshe, na sa alama.

Ranar haɗuwa gidan Gwaggo ya cika. An yi musanyen ƙyallaye, an ci tuwon shinkafa. Har zuwa lokacin ina jira, ina cewa ƙila ta yi tunani a hanya, ƙila ta ja ni gefe. Da aka zo mayar da aiki ga masu shi, sai Malama ta miƙe ta warware shimfiɗar nan a gaban kowa, ta ce, "Ku duba ku gani yadda ake ɗinki na ilimi. Da kun ga yadda anka kawo mani ita, da kun yi dariya." Mata suka shiga shafawa suna yabawa, don ba su san komai ba.

A nan igiyar da ke riƙe da ni ta tsinke. Na fito da rufin teburin, na sa almakashi na datse ƙullin, na kama bakin zaren na ja. Kafin a gane me nake yi, layi biyu sun tafi. Ina ja ina naɗewa a hannu, furanni suna narkewa ɗaya bayan ɗaya. Malama ta yi ƙara ta yo kaina, mata biyu suka riƙe ta, wasu suka riƙe ni, amma hannuna bai tsaya ba sai da na cinye kusan rabinsa. Na jefa mata ƙwallon zaren a ƙirji na ce, "Ni ma na yi maki gyara. Furannin sun yi yawa."

Sannan na kwance bakin gyalena na zube ƙyallaye biyar ɗin a tabarma, na faɗi komai, har da akuya.

Gwaggo ta ɗauki baƙin saƙin, ta daɗe tana murza shi a yatsunta. Ta dubi Malama ta ce, "Ke, amana anka ba ki, kinka ci. Ko da bakin shagon tela ta tsinto su, ba ki da ikon farke ɗinkin da ba ke kinka yi ba. Ba ta haƙuri." Malama tana kuka tana rungume da ragowar saƙarta ta ce ita ba ta ba mahaukaciya haƙuri. Gwaggo ta juyo kaina. "Ke kuma ɗiyata, ina zaune garin ga sati uku, mi ya hana ki zo ki gaya mani? Kin fi son ki zo cikin gidana ki yi haka gaban baƙina?"

A ranar ban ji na yi laifi ko na ƙwayar gero ba. Na koma Jega ƙirjina wasai.

Haɗuwa ta gaba a Aliero ya kamata a yi. 'Yan Jega suka ce ba za su taka gidan Malama ba, 'yan Aliero suka ce ba za su zauna da ni ba. Labari ya kai kunnen mazaje, an ƙara masa gishiri, har ana cewa dambe aka yi aka yayyaga tufafi. Mutum uku mazansu suka hana su fita. Cikinsu akwai wata baiwar Allah 'yar Birnin Malam, mai shiru-shiru, wadda haɗuwar nan ce kaɗai fitarta in ba biki ko rasuwa ba. Gwaggo ta yi ta aike har ta gaji. Ba mu sake zama a tabarma ɗaya ba har ta bar duniya.

Ni da Malama ba mu ƙara magana ba. Ba zan yi ƙarya in ce na huce ba. Har gobe ina ganin ta zalunce ni, kuma abin da ya fi ƙona mini rai ba almakashinta ba ne, bakin nan ne da ya kasa furta kalma biyu. Amma da girma ya zo sai na fara lissafa waɗanda fushina ya taɓa, na ga Malama ce ta fi kowa fita da sauƙi. Zarenta yana nan, an ce ma ta sake saƙa abinta cikin wata biyu. Mata goma da ba su farke ɗinkin kowa ba su suka rasa wurin zamansu, kuma da hannuna.

Abin da na koya shi nake gaya wa duk yarinyar da ta zo koyon allura a wajena. In an ba ki aikin wata, ki yi abin da aka ce ki yi, ki tsaya nan. Komai muninsa a idonki, ba ki san me aka ɗinke a ciki ba, tambaya kuwa ba ta cin komai. In kuma ke aka ɓata wa, ki kai kukanki wurin wanda zai iya raba ku tun ranar, kada ki ajiye shi ya kwana yana tsami. Ni ina da gaskiya, duk wadda ke wurin ta shaida, amma yadda na karɓi hakkina ya sa waɗanda ba su ci mini komai ba suka biya.